Guɗar Kaka a Faifan Baba

Wata Lahadi cikin Oktoban 2002, ina da shekara goma sha biyu, na tsinci kaina a jirgin ƙasa mai zuwa Lyon, dama Kakata Hajiya Mariya tana jan carbi, hagu Babana ya rungume ƙaton gogensa da Faransawa ke kira kwantarbas, gumi na zubo masa wanda ya isa a wanke motoci uku. Ni na jawo wannan tafiya, da bakina.

A Saint-Denis muke, hawa na tara. Aikina saukar da shara da sayo burodi kafin lakwal, wato makaranta, in na dawo kuma ƙwallo a filin ajiye motoci har sai Inna ta kwaɗa mini kira ta taga, kiran da na tabbata ana ji har can unguwar Barbès. Baba yana aiki a sito a Aubervilliers, ran Asabar kuwa yana kiɗan jaz da abokansa biyu, mai fiyano da mai ganguna. Gidanmu na Damagaram gidan malamai ne, ko kwano ba a kaɗawa. Don haka da Kaka ta zo maganin ido, aka kai gogen gidan maƙwabci, aka ja mana kunne mu ce Baba taro yake zuwa. Wata guda na riƙe sirrin. Ranar da ta buɗe ƙullin kilishi tana ce mini "Maigidana, wane irin taro ne ke sa yatsun ubanka kanta?" sai na amayar da kome, har da cewa za a ɗauki kiɗansu a faifai a Lyon. Kwana biyu ba ta amsa gaisuwar Baba ba. A na uku ta ce a kai ta ta gani, in roƙo ɗanta ya koma, to ya zaɓa: ita ko icen.

Zauren da aka yi kiɗan ƙarami ne, da la'asar aka fara. Mai ɗaukar sauti ya roƙi jama'a kada ko tari a yi, na fassara mata. Ba takarda a gabansu. Ɗaya ya ɗauko, biyun su bi, wani lokaci su ɓata wa juna su sake haɗuwa kamar 'yan kasuwa. Kaka ta raɗa mini, "Wa suke wasawa?" Na ce ba kowa. "To me yake roƙo?" Na ce ba kome. Ta murtuke fuska.

Can sai biyun suka tsagaita, aka bar Baba shi kaɗai. Ya lumshe ido, ya ɗan yi lalube, sai yatsunsa suka faɗa wani bugu mai hawa da sauka. Ni ban gane ba. Ashe luguden dakan gero ne na tsakar gidan da ya tashi, da tafin da ake yi in an wulla taɓarya. Na ga carbin ya tsaya. Kafin in ankara tsohuwa ta kama hanci ta rangaɗa guɗa wadda na rantse ta tashi tattabarun Lyon duka. Mai ɗaukar sauti ya fizge abin kunnensa, Baba ya daskare. Mai gangunan nan kuwa sai ya amsa mata da sandunansa, mai fiyano ta biyo, kiɗa ya ɗinke.

Da aka tashi, mai sautin ya ce zai iya yanke wurin. Baba ya dubi uwarsa. Ta gyara mayafi ta ce, "Ka gaya masa ya bari. Kai kuma ka rage saurin, ni ba haka nake daka ba."

Yau 'ya'yana suna sauraren kiɗa a waya, ba sa iya haƙurin minti guda sai su tsallake. Hotunan Kaka muna da su cike da akwati, amma muryarta babu inda ta saura sai a faifan nan. In na kunna, nakan zauna in jira wurin, ba na tura shi gaba. Jiran ma yana cikin ziyarar.