Mutum Shida a Tashar Jirgin Yelwa

Zuliha mai tuwo ba ta san sunansa ba. Siriri ne kamar tsinke, ga biro a bayan kunne. Ta ɗauka yana cikin malaman da sabuwar jiha ta kwaso daga Sakkwato ne.

Jirgin albasa ya kafe a taɓo, ƙarti biyar sun gaza ɗaga shi, masu kaya na ta salati. Shi kuwa yana auna wani dogon icce da kamu. Ya cusa shi ƙarƙashin jirgin, ya tokare da dutse.

"Kamu ɗaya can, shida nan. Yanzu ƙarfina na mutum shida ne."

Ya danna, jirgi ya taso. Sai ga shi gaban Zuliha yana wanke hannu.

"Inna, zuba mini tuwon mutum shida."