Haƙorina da akori-kurar Alhaji

Jiya na ciji rake, giɓina ya tuna min da marigayi Alhajin nan na Kangire. Saboda haɗamar lodin gyaɗa ya ƙara wa akori-kurarsa sifirin, ta sandare. In ba kaya, tsalle take kamar jakin da rina ta harba. Sai ya riƙa tsayawa: "Hau, ɗana, kyauta ne!" Gari na ta yabonsa, ashe mu ne buhunan danne mota.

A hanyar Gwaram ta faɗa rami, bakina ya daki ƙarfe. Ya leƙo ya ce, "Matsa saitin taya, kai ko nauyi babu!"

Har yau Wawulo 'yan mata ke ce min. Allah ya jiƙansa dai, ya sa makwancinsa ya fi bayan motarsa laushi.