Bututun da Na Saukar

Yayan matata bakanike ne, ya yi shekara talatin da ɗoriya yana sana'ar. A layin gareji Sannu-Sannu ake kiransa, don ko gobara ake yi sai ya goge hannu kafin ya ɗaga bonet. Ni dai Yaya nake ce masa, yadda matata ke faɗi.

Abin da aka san shi da shi shi ne numfashin mota. Wasu da fulogi suke farawa, shi kuwa sai ya ɗora tafin hannu a kan akwatin filtar iska ya yi shiru kamar mai duba zazzaɓi. Yakan ce in inji yana shaƙar zafin kansa nauyi yake yi, ya sha mai, ya kasa hawa tudu. Sai ya juya bakin bututun iskar ya fuskanci gaba, ya yanko kwano ya kare shi daga zafin inji. Aikin awa ɗaya sai ya kai shi yamma, amma ba a taɓa dawo masa da mota ba.

Shi ya samo min aikin tuƙi a wani kamfanin rarraba kaya, wanda motocinsa tara duk shi ke duba su.

Ni kuma Allah ya zuba min son a ce na iya. Na ji direbobi na cewa iskar da ke ƙasa kusa da titi ta fi sanyi, na kai wa Yaya maganar.

"Ta fi sanyi, ta kuma fi kusa da ruwa," ya ce. "Bar bututun inda na sa shi."

Na ce to. Ranar hutu na samo guntun bututu na jona a motar kamfanin da nake tuƙawa, na saukar da bakin har bayan bambar gaba, na ɗaure da waya. Wallahi motar ta ƙara kuzari. Sati uku ina hura hanci ni kaɗai.

Sai aka tafka ruwa wata safiya. Ruwan ya kwanta a wani kwari a kan titi, ƙananan motoci ma suna ta wucewa. Ina shiga inji ya zuƙi ruwa, ya yi wata ƙara mara daɗi, ya mutu murus.

Manaja ya sa aka jawo motar zuwa garejin Yaya, ya tsaya a kanta yana huci.

"Wa ya taɓa bututun nan?" Ni ya tambaya.

"Ranka ya daɗe, ni tuƙi kawai na sani. Nan kaɗai ake kawo ta."

Yaya ya durƙusa ya daɗe yana kallon ɗaurin wayar nan. Bai dube ni ba. Ya miƙe ya ce, "Haka ne, nan ake kawo ta."

Kafin sati ya ƙare kamfani ya janye motocinsa. Magana ta zaga layi cewa hannun Sannu-Sannu ya tsufa, ya kashe sabon inji. Masu motoci suka zame ɗaya bayan ɗaya. Ya saki garejin, ya koma wata rumfa a bakin titi yana juyen mai da canjin birki. Duk da haka bai daina zuwa gidana ba, ya ci abinci, ya tsokani yara. Matata ta yi ta tsine wa manajan, ni kuma, Allah ya yafe min, ina taya ta.

Shekara biyu abin yana cina. Ran nan na yi ta maza na shiga ofis don in faɗi gaskiya, na tarar an canja manaja. Sabon ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Wane bakanike ke nan?" Ya ce in je, tsohon zance ne.

Daga nan rumfar na wuce. Yana kwance a ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai nake gani.

"Yaya, bututun nan ni na saukar da shi."

"Miƙo min sifana mai lamba sha biyu."

Na miƙa masa. Ya ɗaure abin da yake ɗaurewa, a hankali, har na zaci bai ji ni ba.

"Kada ka gaya wa ƙanwata," ya ce daga ƙarƙashin motar. "Ni na riga na saba da rumfar nan. Ita kuwa har yau kallon mutumin kirki take maka."