Sunayen Cikin Tirelar Kaka

Ranar wata Asabar ta tsakiyar damina, ina aji biyar na firamare, wata tsohuwar akori-kura ta jawo tirelar soja mai taya biyu har cikin gidanmu na Nassarawa GRA. Tsatsa ta cinye ta, taya ɗaya a sace, gizo-gizo ya yi gida a ƙarƙashinta. Kakana, wanda tun da ya bar soja kowa ke kira Saje, ya bi ta gwanjo ya sayo. Mamana ta leƙo daga kicin ta ce, "Baba, wannan gwangwanin fa?" Ya ce, "Ruwa za ta ɗebo mana, Hajiya." Lokacin famfonmu sai ya yi mako bai kawo ba.

Aka ajiye ta a gindin mangwaro. Kullum bayan La'asar Kaka yana wanke kusoshi da kananzir, yana cusa giris, wani bakanike daga Badawa yana zuwa ya yi walda. Ni kuwa, uwar rawar kai, aka ba ni samfefa in goge tsatsar waje. Na fi son wannan aiki da wanke-wanke, har ƴar gala-gala na daina fita.

Wata Juma'a da maza suka tafi masallaci, na ce bari in burge shi. Na haye ciki, na ga wasu zane-zane da aka karta da ƙusa a jikin ƙarfen, ban tsaya karantawa ba, na ɗauka ɓarnar yara ce. Na dage na goge su tas, na shafa koren fenti. Da Kaka ya dawo ya leƙa, sai ya dafa tayar ya zauna a ƙasa da fararen kayansa. Bai daka mini tsawa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Jikalle, mutum bakwai ne a nan." Ashe tirelar rundunarsu ce, da hannunsa ya rubuta sunayen abokansa da ta kwaso gawarsu. Mantuwa ta fara kama shi, shi ya sa ya nemo ta, don ya riƙa karantawa yana yi musu addu'a.

Daga ranar sai ya zaunar da ni yana lissafi da yatsu: Garba, Bulus, Isiyaku, Ɗanlami. A na biyar yake tsayawa. Har ya rasu bai wuce nan ba, kuma baƙin cikin wannan bai sake ni ba.

Yanzu gidan yana da burtsatse, mangwaron an sare shi, tirelar tana bayan gida da tankin ruwan da aka ɗora mata, babu mai taɓawa. Duk Juma'a nakan ambaci mutum huɗu, sannan in ce, "Allah, da sauran ukun da na goge."