Gonar Shaida

A shekarata ta uku a jami'a, ina karatun ilimin halittu, malaminmu ya ce akwai gurbin bincike na damina ga mai so. Ni kuwa da rawar kai, kafin ya rufe baki hannuna yana sama.

Aikin a kan murzuna ne, tsutsar nan mai cin zangarniyar gero. Aka ba ni ƴan buhunan algarara goma. A cikin kowane akwai wasu ƙwari dangin zanzaro, ba su fi ƙwayar gero ba, waɗanda in sun fito sai su bi tsutsar su kashe. Zan rataya buhunan a gonakin ƙauyenmu, kusa da Cadawa. Sannan in zaɓi wata gona can nesa, wadda ba za a sa ma kome ba, don a gwada bambanci. Da Faransanci sunanta na nufin shaida, sai na fassara ta hakanan. Da wannan gwajin zan rubuta kundin kammala karatuna.

Na zaɓi gonar Gwaggo, ƙanwar babana, da ke aure wajen Gazawa.

"Gwaggo, gonarki ce shaida," na ce mata.

Ta rangaɗa guɗa. Har maƙwabta ta gaya ma cewa jami'a ta zaɓe ta.

Da na dawo gida, Baba ya tsare ni a gindin gawo, ya ce, "To ita shaidar buhu nawa za a ba ta?"

"Ko ɗaya, Baba. Haka kimiyya take."

Ya dube ni, ya gyara hularsa. Ni kuma na ɗauka ya gane. Kaico, wauta!

Da gero ya nuna na hau moto na tafi ƙirga ɓarna a gonar Gwaggo. Zangarniya lafiya lau, sai sheƙi take. Na juya wannan, na juya waccan, tsutsa sai ɗaya-ɗaya. Ina ɗaga kai na hango buhuna a reshen kalgo, an ɗaure shi da irin ƙullin Baba. Wallahi zama na yi daɓas a kan kunyar gero, na yi kuka har da majina.

Na iso gida ina huci. Baba ko gezau.

"Ni na kai mata biyu," in ji shi. "Ke yanzu da hankalinki, magani yana gidana, in bar tsutsa ta cinye hatsin ƙanwata don ki cika takarda? Da wane ido zan dube ta ran salla?"

Na koma jami'a, na gaya ma malam kome. Ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Ya ce in rubuta abin da ya faru yadda ya faru, shi ma sakamako ne, kuma baɗi in nemi shaida a garin da ba ni da dangi. Na ce masa a ƙasar nan da wuya. Kundin dai ya wuce, da ƙyar.

Bayan girbi sai ga amalanke a ƙofar gidanmu. Gwaggo ce zaune bisa wani ƙaton damin gero. Ta sauko tana dafa gwiwa, ta buga damin da tafin hannu.

"Ɗiyata, ba ni ce shaida ba? To ga shi na kawo. Ki kai ma malamin naku ya gani da idonsa."