Kakar da ƙanina yake kira

Shekarun baya, ranar farko da mahaifiyata ta tafi da ni ɗauko ƙanina daga makarantarsu a unguwar Brickfields, can ƙasar Malesiya, abin da na fara lura da shi shi ne ba a ɗaga murya a wurin. Har ƙafafun kujerun an naɗe su da roba don kada su yi ƙara. Malamarsu, wata 'yar Malesiya mai fara'a, ta durƙusa a gabansa, ta nuna ni da babban yatsa kamar yadda suke nuni a can, ta ce masa, "Kakak." Haka ake ce wa yaya mace a yarensu. Ba sa fitar da harafin ƙarshen sosai, sai ka ji kamar "kaka" aka ce.

Ƙanina yana da larurar galahanga. Shekararsa shida a lokacin, kalmominsa ba su da yawa, kuma waɗanda yake da su a makarantar nan ya samo su. A can ya koyi riƙe cokali, a can ya koyi zama a yi masa aski ba tare da an danne shi ba. Da yake makarantarmu ba ta da nisa da tasu, ɗauko shi ya zama aikina. Kullum ina isa malama za ta ce "kakak", shi kuma ya miƙe, ya ɗauki jakarsa, ya kama gefen hijabina. Bai taɓa kama hannuna ba, hijabin yake kamawa. Mu tsaya a kedai, wato shagon da ke kan kwana, mu sayi roti, burodinsu na can, mu wuce gida.

Sai korona ta zo, aka sa dokar kulle. Mu huɗu a ɗan ƙaramin gida a saman bene. Abba, da ke karatun digiri na uku a wata jami'a da ke titin Jalan Semarak, ya mayar da teburin cin abinci ofis. Riga mai kyau a sama, zanen wanka ko wandon barci a ƙasa, kunne a toshe. Ba a yi sati ba ƙanina ya fara wani abu. Kullum kafin la'asar sai ya ɗauki jakarsa ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa, "Kaka. Kaka." Daga nan kuka, daga kuka ya koma buga goshinsa a jikin ƙofar.

Umma ta ce yaron nan kakarsa yake nema. Na ce, "Umma, ina jin ba ita…" Amma ni muryata ko a aji sai malama ta matso take ji. Kafin in ƙarasa har an kira Kano.

Hajiya, mahaifiyar Abba, tana shan kokon safe aka haɗa ta da shi ta bidiyo. Kamar kullum goshinta kawai muke gani da fankar ɗakinta. Da ta ji abin da yake faɗa sai ta fashe da kuka. Ta ce angonta ne yake kiranta, jini ba ya ɓuya, yaron da bai taɓa cewa Umma ko Abba ba ga shi ya kama sunanta. Shi kuwa angon ko kallon wayar bai yi ba. Ya ture ta, ya ci gaba da dukan ƙofa. Hajiya ta ce kunya yake ji.

Haka muka shiga wani hali. Kullum ya fara, a kira Kano. Kullum Hajiya ta yi masa waƙa, shi ya toshe kunnuwa. Matan 'yan Najeriya da ke zauren WhatsApp ɗinsu Umma suka ji labari, kowace da tata shawarar. Wata ta ce a shafa masa man habbatus sauda, wata ta ce a hana shi shan madara, wata ta ce ai yaran nan masu irin wannan larura suna ganin abin da ba ma gani, a bincika lafiyar tsohuwar. Wannan maganar ta hana Abba cin abinci yini guda.

Ni kuwa ina gefe ina kallo, raina yana ɓaci. Na ga lokacin da yake farawa, daidai lokacin tashinsu ne. Na ga jakar. Na ga takalmansa da yake jerawa. Na sake gwada faɗa wa Umma a kicin, ta ce in bar ta ta ji da abu ɗaya, in miƙo mata albasa. Na je wurin Abba, ya ɗaga mini hannu alamar yana taro da malaminsa. Na tsaya a bayansa kamar fitila har ƙafata ta gaji, na koma ɗaki na yi wa matashin kai bayani tiryan-tiryan. Shi kaɗai ya saurare ni har ƙarshe.

Abin ya daina zama abin dariya ranar da Hajiya ta ce da an buɗe hanyar jirgi a kawo mata shi ya zauna a wurinta. Ta ce ƙasar mutane ce ba ta karɓe shi ba. Abba, da ba ya iya musu da ita, ya ce to. Na ga Umma ta sunkuyar da kai. Ta fi kowa sanin abin da makarantar nan ta yi masa, kuma a unguwar Hajiya babu irinta. Amma ya za ta ce wa surukarta kada a kai mata jikan da ke kuka da sunanta?

Washegari da ya fara, aka kira Kano, sai na shiga ɗaki na sa kayan makarantata, har safa. Na goya jaka, na sa takunkumi, na raɓa ta gefensa na fita, na ja ƙofar. Umma ta biyo ni da tambayar ko lafiyata ƙalau, a cikin kulle ina za ni. Na tsaya a baranda, sannan na ƙwanƙwasa na buɗe.

Kukan ya tsaya. Ya dubi takalmana, ya dubi jakata, ya kama gefen hijabina ya ce, "Kakak." Muka taka har bakin lif muka dawo, yana ta ɗan gunaguninsa na jin daɗi. Da muka shigo ya ajiye jakarsa ya nemi ruwa, kamar ba shi ba.

Abba ne ya fara ganewa, shi da ya yi shekaru yana jin kalmar a kasuwa da cikin bas. Ya dafe kai ya ce, "Ke kuma kin sani tuntuni kika yi shiru?" Wallahi har yau ban manta tambayar nan ba. Na sauke jakata na ajiye kusa da tasa.

Ya yi wa Hajiya bayani. Muka tsaya kallon fanka tana juyawa. Can ta ce, "To, ashe takwara na yi ban sani ba." Ta yi dariya, amma na ji a muryarta ba ta ji daɗi ba. Ta ƙara da cewa duk da haka a kawo shi, yarensu na can ne yake ruɗa shi.

Yanzu na gane ba mugunta kowa ya yi ba. Idan mutum ba ya magana sosai, masu ƙaunarsa ne suke fara cike masa sauran da abin da suke so su ji. An yi wa ƙanina, ni ma an sha yi mini. Yana nan a makarantarsa har yau, ya iya cewa Hajiya, kuma har gobe ita tana ba da labarin yadda ya fara kiran sunanta kafin na kowa. Mun bar ta da labarinta.

Amma a waccan ranar, da Hajiya ta sake cewa a kawo shi, babu wanda ya isa ya ce mata a'a. Abba ya dubi Umma, Umma ta dubi ƙasa. Sai na ga hannuna ya karɓi wayar. Na sauke takunkumin don ta ji ni da kyau, na ce:

"Hajiya, don Allah ki bar mini shi a nan. In an buɗe makaranta ni ce nake zuwa ɗauko shi."