Mai Ƙwanƙwasa Ƙofata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Alhamis, tara ga Oktoba, aka ƙwanƙwasa ƙofata a unguwar Maamobi. Na ɗauka kai ne, Malam Rauf, ka zo tafiya da ni zaman masu barin ƙwaya. Ƙiwa ta kama ni, na maƙale bayan durom ɗin ruwa, na sa 'yata Najat ta ce na tafi Kumasi. Ina tsugune, ƙato da furfura, na ji muryar ƙaninka Jamal: "In ya dawo ki gaya masa Rauf ya rasu. Jana'iza bayan la'asar." Na zabura na kifar da bokiti. Haka mutumin Kumasi ya fito a jiƙe.

Kai tela ne, ba likita ba. Tramol ya taɓa cin ka kamar yadda ya ci mu. Kana tara mu duk Alhamis a ajin Islamiyya, kan bencin yara, gwiwa na taɓa haɓa, kowa ya faɗi yadda makonsa ya wuce. Ranar da na koma ruwa, na zo da dogon uzuri na ciwon baya. Ka bar ni na gama, sannan ka ce, "Wa ya taɓa yin wannan ciwon bayan?" Duk ajin ya ɗaga hannu. Na yi dariya har hawaye, kuma tun ranar ban sake sha ba.

Dokarka ɗaya ce: ba mai zuwa shi kaɗai. Kowa da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Tawa ka ɗaukar wa kanka, don ka san halina. Ni kuma ka ba ni ta Tijani mahauci a Sabon Zongo. Na ce samun trotro, motar haya, da wuya. Ka ce ba komai, ƙofar tana jira na.

Wata Alhamis ta zo ta wuce. Na yi wanka na zauna, takalmi a ƙafa. Ba wanda ya zo.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna makoma. Ya ba matarka Ruhaina da Jamal da dukan dangi haƙuri.

Tijani bai leƙo zaman ba tun azumi. Alhamis mai zuwa zan hau trotron nan. In suka ce min ya tafi Kumasi, na san inda zan duba.